Tabon da Muka Kai wa Gwaggo a Bawku

Tun da muka dawo, duk wadda ta kawo mini ɗinki sai ta zauna a bencin shago ta ƙi tashi. A auna ta, ta zaɓi salo, ta sha ruwa, sannan ta gyara zama ta ce, to Adiza, yaya Bawku? Wasu Bawkun suke son ji. Wasu kuma so suke su san abin da ya sa na ɗauki tsoho mai shekara kusan tamanin na bi da shi wannan hanya, alhali asibitin da za a yi masa aiki yana Tamale, nan kusa da mu. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura ya fara canja kama, don shekaranjiya wata ta ce mini ta ji wai wajen boka muka kai shi a Togo. Shi ya sa na rubuta shi yadda ya faru. Wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata takarda in ci gaba da taka kekena.

Babana, Malam Sani, shi ne ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu a Salaga tun kafin a haife ni. Da ƙuruciyarsa shanu ya kora zuwa kudu, shekara da shekaru rana na dukansa. Fari ne, hasken mahaifiyarsa ya ɗauko. Shekara biyu da suka wuce wani baƙin tabo ya fito masa a goshi, sama da girar hagu, girman ƙwayar wake. Mutanen masallaci suka fara cewa masha Allah, Malam, alamar sujada ta fito. Na ga Baba ya fara tura hularsa baya.

Ni tela ce, idona ya saba da neman tsakiya. Na ce masa abin nan ai a gefe yake. Ya ce tun da gwiwarsa ta dama ta fara ciwo yake karkata hagu in zai yi sujada, don haka wajen ne ke taɓa ƙasa. Na bar maganar, tunda ban taɓa tsayawa a sahun maza na ga yadda yake kai goshinsa ba. Jinin ne ya dame ni. In yana alwala ya shafa fuska sai wajen ya fashe, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake fashewa, gefensa ya tasa yana ƙyalli. Na san tabon sallah. Kanta ce, busasshiya, ba ta jini.

Na yi ta naci har ya yarda muka je asibiti, don ya kunyata ni kawai, haka ya faɗa. Daga Salaga aka tura mu Tamale. Wata likita 'yar kudu da ba ta jin Hausa ta yanki ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a gefen tabon, aka kai gwaji. Bayan 'yan makonni muka koma. Nas ɗin da ke fassara mana ɗan zango ne, wato unguwar Hausawa, mai irin Hausar kasuwa.

Ya ce, "Baaba, dokta ya ce kansa ne na fata. Amma ƙarami ne, bai tafi ko'ina ba. Irin shi ba ya gudu, wuri ɗaya yake ci, kaɗan kaɗan."

Likitar ta shimfiɗa mana hanyoyi huɗu. Ta farko, a kashe wajen da allura yana zaune idonsa biyu, a yanke tabon da ɗan naman da ke kewaye da shi, a ɗinke, a kai abin da aka cire a duba ko an kwashe duka, kuma a ranar zai koma gida. Wannan ce likitar ta fi so. Akwai man shafawa na makonni, amma ta ce ya fi aiki a kan wanda ke saman fata, na Baba kuwa ya ɗan nutsa, kuma ba kullum ake samun man ba. Akwai gashi da na'ura, babu yanka, sai dai a Kumasi ake yi, a yi ta zuwa kusan kullum na tsawon makonni. Ta ƙarshe kuma a bar shi a riƙa dubawa. Ta ce tsofaffin da jikinsu ba zai ɗauki aiki ba ake yi wa haka, shi kuwa Baba in ban da hawan jini da gwiwa garau yake, kuma in an bar abin zai yi ta ci ya gangaro wajen ido, aikin ɗinki kaɗan ya koma babba.

Baba ya saurara tsaf, ya ce wa nas ya gaya mata ya gode, ya ɗauki ta huɗun. Sauran ukun duk suna shafe tabon, shi ke nan abin da ya ji.

A hanyar gida na yi ta faɗa, a hankali dai, don uba ne. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Adiza, ke 'ya ce. 'Ya ba ta sa a yanki ubanta. Ina da ƙane a Yendi, ina da Yaya a Bawku. Abin da Yaya ta ce shi zan yi."

Ya san kunnen yayar tasa, Gwaggo Memuna, ya yi nauyi, ba ta jin waya. Ya san tsawon hanyar. A ganinsa ya kashe maganar ke nan. Ya manta taurin kan wa na gado. Na ba masu ɗinkin biki haƙuri, na rufe shago, ranar Asabar da safe muna tasha.

Direban da ya ɗauke mu zuwa Bimbilla ya ba Baba gaban mota saboda ganin rawani, ni kuma aka cusa ni baya tsakanin wata mata mai zabi biyu a kwando da wani dattijo mai sayar da gishiri. Hanyar wani waje kwalta, wani waje sai dai addu'a. Dattijon nan da aka tsaya shan ruwa ya hango goshin Baba, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce Malam a sa mu a addu'a, irin wannan alama ba a kasuwa ake sayenta ba. Baba ya juyo ya dube ni ta gefen ido. Na yi kamar zabin nake kallo.

A Bimbilla aka sauke rabin mutane aka maye gurbinsu da doya. Mutanen garin yadda muke hirar atamfa haka suke hirar doya, wannan puna ce, wannan laribako, wannan ta sakwara ce, waccan kada ka kai wa suruka. Ina can ina kallonsu aka ɗaure jakarmu a saman mota, aka jibga doya a kanta. Sai da za mu tashi na tuna ƙwayar hawan jinin Baba tana ciki, ga lokacin shanta ya yi. Direba ya ce, "Hajiya, jakanka yana ƙasan doya, sai Yendi." Na ce motar nan ba ta motsawa. Na tsaya a gabanta na riƙe ƙugu. Masu doya suka zage ni da Nanumbanci, yaren garin, na ji daɗi da ba na ji. Aka kwance igiya, aka sauke doya ɗaya bayan ɗaya, na ciro ƙwayar na ba Baba ya kora da koko. Daga nan har Yendi ba wanda ya yi mini magana sai mai zabi, ita ma don ta ce in ɗaga ƙafata daga kan kwandonta.

Baffa Salisu, ƙanen Baba, yana da shagon kwanon rufi da ƙusa a Yendi. Badagombiya ya aura, Mma Sanatu, gidansa kuma ya zama na al'adar Dagomba gaba ɗaya. A wajenmu ka durƙusa ka gaida babba ka tashi. Su kuwa tsugunawa ake yi a zauna a kan dugadugai, babba yana jero tambaya ana amsa "naa, naa," har ƙafa ta mutu. Matan gidan suka yi layi suka yi wa Baba haka, shi kuma da bai san tambayoyin ba ya riƙa cewa "naa" tare da su, aka rasa mai tambaya. Aka kawo mana wasawasa, garin doya ne da ake turarawa ya fito baƙi wara-wara, da mai da yaji da kifi. Na raina shi a ido, na ci kwano biyu.

Bayan la'asar na karanta wa Baffa takardar asibiti. Da jin sunan ciwon ya ɗaga hannu. Ya ce wannan shi ne daji, kuma kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, ba wuƙa ba allura, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ya kawo labarin wani maƙwabcinsa da aka yanka a ƙafa bai shekara ba. Na tambaye shi tsawon lokacin da mutumin ya yi da gyambon kafin ya je asibiti, ya ce ya kai shekara bakwai. Na ce to ba wuƙar ce ta kashe shi ba. Na kuma gaya masa ƙarfe ya riga ya taɓa na Baba ranar da aka yanki na gwaji, wata biyu ke nan, kuma ga shi nan bai fusata ba. Mutumin da ya tsufa yana cin abinci da ƙusa, shi ne ke tsoron ƙarfe.

Baffa ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye da ke haɗa garin magani, in an barbaɗa sai tabon ya bushe ya faɗi da kansa. Baba da ke jan carbi ya ce shi ba ya son abin da zai sa ya faɗi. Ya ce ba daji ba ne, ba kansa ba ne, mu bar masa goshinsa. Baffa ya buɗe baki ya dube ni. Ashe duk faɗan da muke yi, ni da shi layinmu ɗaya, mun yarda ciwo ne. Ya ce to sai abin da Yaya ta ce, amma in gaya mata nasa ra'ayin ba ragi. Na yi alkawari. Da safe ya ba Baba sabuwar rigar batakari mai nauyi, saƙar hannu, Baba ya zura ta a take yana ta juyi.

Daga Yendi muka bi ta Gushegu. Wannan ce doguwar rana. Motar ta fi ta jiya tsufa, ƙofarta da igiya ake riƙe ta, amma direban mutum ne mai hankali, ya sa aka naɗe tabarma aka tokare wa Baba gwiwa. A Nakpanduri hanya ke gangarawa daga kan dutse tana lanƙwasa, ka leƙa taga ka ga gonaki can ƙasa. Direba ya kashe rediyo. Masu coci suka kama addu'arsu, Baba ya kama tamu da ƙarfi, da muka sauka lafiya kowa ya ce tasa ce ta yi aiki.

Kafin Garu direban ya tsaya ya ce Baba ya cire batakarin. A lokacin da muka je, saboda rashin zaman lafiyar garin, an hana sa irinta a cikin Bawku, don ana iya ɓoye abu a ƙarƙashinta. Baba ya ce shi abin da ya ɓoye tumbi ne kawai, shi ma ya tafi. Amma ya cire. Ba shi da riga a kusa sai 'yar shara, jaka kuma tana sama, ni kuwa na rantse ba zan sake sa a sauke kaya ba. Haka ladanin unguwarmu ya shiga Bawku da rawani da 'yar shara da mayafina a kafaɗa. Shingayen sojoji ban ƙirga su ba. A kowanne a sauka, a nuna kati, a taka a ƙasa, a sake hawa. Wani soja ya ga Baba yana ɗingishi ya ce ya zauna abinsa a mota, har da sara masa.

Bawku warin albasa ne ya fara tarbarmu. Amalanken jakuna ko'ina, mata a kan babura suna ta wucewa da buhuna, don maza an hana su hawa a lokacin. Kusasi, Mamprusi, Mosi, Busanga, kowa da harshensa a gida, amma a kasuwa Hausa ake ciniki, wata irin Hausa da ba ta san mace ba. Kwana uku ana ce mini "kai." Da farko ina gyara musu, daga baya na ji ni ma na ce wa wata tsohuwa "ina ɗanka."

Gwaggo Memuna tana zaune da ɗanta da matarsa Asibi tun rasuwar mijinta, wanda fataucin albasa ya kai shi garin. Ta girmi Baba da shekara shida ko bakwai. Ta ƙanƙance, kunne ya tafi, amma ido ras, har zare take sa wa allura. Da ta gan shi ta ce, "Sani, kai ne da mayafin mata?" Rabon da in ji an kira sunansa haka tsirara tun rasuwar mahaifiyata. Ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ta dafa kansa, ta daɗe tana kallon goshin. Ta sa aka gasa zabuwa, aka tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, ta ce baƙo ba ya magana ranar da ya zo, washegari ma hutu ne.

Washegarin ne na je Togo, ga asalin jita-jitar boka. Asibi ta ce a kasuwar Sinkasi, tsallaken iyaka, ba abin da babu, mu je mu nemi man da likita ta rubuta mini sunansa. Na ce to. Gaskiya kuma na daɗe ina jin labarin atamfofin wajen. Iyakar ba wani abu ba ce, ka nuna kati, wani mai kaki ya yi maka Faransanci ka gyaɗa kai, ka wuce. Na nuna wa wani mai kanti takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya tambaya na mene ne. Na ce baƙin tabo a goshi. Ya yi murmushi ya ɗauko wata kwalba mai hoton farar mace ya ce wannan yana goge baƙi duka, har na gwiwar hannu, in sati biyu ya yi mijina ba zai gane ni ba. Man bilicin ne. Asibi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na kira nas ɗin Tamale na gaya masa, ya ce ko na sami na gaskiyar kada in shafa wa Baba komai ba da sanin likita ba. Na dawo ba magani, sai turmi uku na atamfa.

A rana ta uku da hantsi Gwaggo ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta. Ni da ita da Baba kawai. Ta kwance bakin zanenta ta fito da goro huɗu ta jera, ta ce in matso kusa da kunnenta in gaya mata hanyoyin ɗaya ɗaya, kowace da goronta. Na yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka san ciwon Baba. Na isar da saƙon Baffa kamar yadda na yi alkawari. Ta ce Salisu tun yana yaro in ya ga mai allura yake shigewa rumbu, ba ta ba shi goro.

Ta ɗauki na Kumasi ta juya shi. Ta tambaya wa muke da shi a can, na ce ba kowa. Ta ce tsoho mai ciwon gwiwa ya yi makonni a ɗakin haya yana hawa mota kullum, a gyara goshi a kashe ƙafa, ta ajiye shi gefe. Na man shafawa ta ce abin da likita da bakinta ta ce ba ta tabbata zai kai ƙasan ciwon ba, ita ba za ta tabbatar mata ba. Ya bi na Kumasi gefe. Saura biyu, na wuƙa da na bari. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki na bari, ta buge hannun.

Ya yi mata bayanin gwiwa da karkata hagu. Ya ce mata ko Malam, wato mahaifinsu, ai yana da irinta, kowa a Salaga ya san goshin Malam. Ta saurare shi tana kallon bakinsa. Sannan ta kira Asibi ta kawo farar ƙasa da turmi, ta sa aka daka ta lukui, ta barbaɗa da hannunta a kan buzun sallarta, daidai inda goshi ke sauka, ta baza da faɗi.

Ta ce, "Lokacin walaha ne. Tashi ka yi raka'a biyu, yadda ka saba, kada ka gyara komai. Ƙasa ce, mai tsarki."

Ya yi alwala ya tayar. Karo na farko ke nan da na zauna na kalli sallar mahaifina daga farko har ƙarshe. Gaskiyarsa, yana karkata, amma ƙugunsa ne ke karkata don ya sauƙaƙa wa gwiwar. Kansa kuwa tsaf yake sauka. Da ya sallame ya juyo, Gwaggo ta miƙa masa madubi. Farar da'ira a tsakiyar goshi, fari a kan hanci. Baƙin tabon yana can gefe shi kaɗai, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Tsakaninsa da farin ya kai faɗin yatsu biyu.

Baba ya daɗe yana kallon madubin. Na zo Bawku don in ci nasara, ga ta na ci, amma tausayinsa ya kama ni har na kasa ɗaga kai. Shekara biyu ina ganin taurin kai ne da son a yaba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin mutum ya yi shekara hamsin yana riga kowa zuwa masallaci, yana ganin yaran da ya yi wa huɗuba sun girma da alama a goshi, shi nasa sumul, yana tambayar kansa ko tasa ba ta karɓuwa ba.

Ya ce a hankali, "Ashe ban samu ba, Yaya."

Ba ta ji ba, sai da ya maimaita da ƙarfi, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ta ce, "Wa ya ce maka rabawa ake yi? Inna ta yi sallah har ta koma yi a kwance. Ni na wanke ta. Goshinta kamar na jariri." Ta gyara zama. "Na Malam kuma da kake faɗa, jaki ne. Jaki ya harbe shi yana saurayi, a hanyar Kete Krachi, ya sunkuya yana gyara mangalar goro. Inna ta san shi kafin tabon, ta san shi bayan tabon. Mutane suka yi ta masha Allah, shi kuma bai ga dalilin ɓata musu rai ba."

Baba ya zuba mata ido. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo, suka gangara suka jiƙa farar ƙasar da ke hancinsa. Ya yi ta maimaita jaki, jaki. Gwaggo ko murmushi ba ta yi ba, ta ce Allah Ya jiƙan Malam, sallarsa tana nan inda take.

Da ya natsa ya tambaye ni kwana nawa zai yi ba ya kai goshi ƙasa in an yi aikin. Na ce likita ta ce kamar mako biyu zai yi da ishara, har ɗinkin ya kama. Ya tambaya ko za a sa shi barci, na ce idonsa biyu. Ya tambaya ko zai iya kiran sallah da bandeji, na ce ba a bakinsa za a ɗaura ba. Ba wanda ya ce masa ga wanda zai ɗauka. Shi ya miƙa hannu ya ɗauki goron wuƙa, ya ɓare shi biyu, ya ba Gwaggo ɓari, ya jefa ɗayan a baki. Ni ba a ba ni ba, 'ya ce.

Komawa ta Bolga muka bi muka sauka Tamale kai tsaye, don ban yarda in kai shi gida ya sake shawara ba. An duba jininsa, aka ba mu rana. Aikin bai kai tsawon ɗinkin riga ɗaya ba. Da aka buɗe bandejin na duba ɗinkin da idon sana'a, bakwai ne, a jere, tazararsu daidai, na ce wa nas ya gaya wa likitar in ta gaji da asibiti ina da keke na biyu. Bayan makonni sakamako ya fito, an kwashe duka, gefe da ƙasa. Za mu riƙa komawa ana duba shi, kuma ta ce ya riƙa sa malafa in zai shiga rana. Baffa ya zo dubiya daga Yendi, ya leƙa wajen ta dama, ya leƙa ta hagu, ya ce wannan dai an yi sa'a. Na bar shi da sa'arsa.

Wajen ya warke ya bar ɗan tabo mai duhu. Ranar Juma'ar da ta wuce ina kai masa abinci ƙofar masallaci, na tarar wani baƙo, ɗan kasuwa daga Kete Krachi, ya riƙe hannunsa yana kallon goshin yana cewa masha Allah, Malam, alamar sujada. Na tsaya da kwano a hannu in ji.

Baba ya ce, "A'a, wannan na likita ne, ciwo aka cire. In ka ga irinsa yana jini a jikin wani, ka ce ya je a duba." Ya sa yatsa a tsakiyar goshinsa, inda ba komai. "Tawa ba ta fito ba tukuna."